Yadda Ake Zaɓar Tayar Duk Shekara Ga Mota Mai Ƙarfin Inji A Ƙasar Sanyi

Hunturuna na farko da mota a kudancin jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada, saura ƙiris in tsinci kaina a cikin kwata. Na sayi wata motar Jamus ta hannu, mai jan baya, wato tayoyin baya inji ke juyawa, irin wadda in ka taɓa totur sai ka ji an manna ka da kujera. A watan Satumba na saye ta, tayoyinta da sauransu, zanensu raɗau, don haka ban ko duƙa na karanta rubutun da ke jikinsu ba. Wata safiya a ƙarshen Nuwamba, sanyi ya kai digiri 3 ƙasa da sifili, titi a bushe ƙayau, babu ko ɗigon dusar ƙanƙara, na shiga shataletale da gudun da na saba. Sai na ji bayan motar yana neman riga gabanta fita. Allah ya sa babu kowa a gefena. Da na samu wuri na tsaya, na danna farce a jikin robar, ta ƙi lotsawa, tauri kamar tsohon bokiti. Ashe tayar bazara ce.

Galibin motoci masu ƙarfi da irin wannan taya suke fitowa daga kamfani, saboda ita ce ta fi kama titi lokacin zafi. Masu ƙera taya sun daɗe suna ba da digiri 7 a matsayin iyakarta: da zarar sanyi ya sauka ƙasa da haka, robar ta fara ƙandarewa, riƙonta yana raguwa ko da titi a bushe yake. In sanyin ya tsananta ma tana iya tsattsagewa. Wanda ke fita aiki kullum da irin wannan mota, dole ne ya sauya kafin hunturu ya shigo. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: lissafa safiyoyinka

Kafin ka leƙa shago ko ka buɗe intanet, zauna ka tuna hunturun bara. Da ƙarfe nawa kake fita? Titin unguwarku, motar kwashe dusar ƙanƙara tana riga ka bi ta kai, ko kai ne kake buɗe wa mutane hanya? Akwai gangara tsakanin gidanka da babban titi? Ranar da aka kwana ana zubar dusa, kana da damar zama a gida, ko aikinka irin na asibiti ne da ba ya jira?

Ƙasar sanyi iri-iri ce, ko a cikin Kanada. Mutumin Vancouver ruwan sama mai sanyi ne abokin famansa. Mutumin Toronto yana samun dusa, amma ana kwashewa da wuri a zuba gishiri, yawancin kwanaki titi baƙi ne, jiƙaƙƙe ko busasshe. Mutumin Winnipeg kuwa, inda sanyi ke kai wa digiri 30 ƙasa da sifili, titi kan daskare ya yi makonni a haka. Na farko da na biyu su ne suke da maganar tayar duk shekara. Na uku, gaskiya ɗaya ce, ya sayi tayar hunturu zalla da rim ɗinta daban, ya riƙa sauyawa sau biyu a shekara. Babu tayar duk shekara da za ta tsayar da mota a kan ƙanƙara kamar yadda tayoyin hunturu irin su Bridgestone Blizzak ko Nokian Hakkapeliitta za su yi.

Kada kuma ka ce ai motarka mai jan ƙafa huɗu ce. Jan ƙafa huɗu wajen tashi yake taimako. Wajen tsayawa kowace mota birki huɗu gare ta, kuma taya ce ke yanke hukunci.

Mataki na biyu: tantance wace ce "ta duk shekara"

A nan mutane suka fi ruɗewa, domin abu biyu ake sayarwa da suna kusan iri ɗaya.

Ta farko ita ce wadda a Amurka da Kanada ake rubuta wa All Season, kuma akwai ajinta na motoci masu gudu. A nan za ka ga Michelin Pilot Sport All Season 4, da Continental ExtremeContact DWS06 Plus, da Pirelli P Zero AS Plus 3, da Bridgestone Potenza Sport AS. An haɗa robarsu da sinadarin silika don kada ta ƙandare da wuri, an kuma yi wa zanen ƙananan tsage masu cizon dusa, amma an bar kafaɗar tayar da ƙarfi don ta ɗauki kwana. Sitiyari yana amsa maka kusan kamar na tayar bazara. Ba ƙaramar taya ba ce: Chevrolet Corvette na yanzu, wanda ba a yi wa ƙarin kayan tsere ba, da Pilot Sport All Season yake fitowa. A jikinsu za ka ga an rubuta M+S, wato laka da dusa. Kada wannan ya ruɗe ka. Siffar zane kawai ake dubawa a ba taya M+S, ba a kai ta kan dusa an gwada ba.

Ta biyu ita ce mai tambarin dutse mai ƙololuwa uku da zanen ƙwayar dusa a tsakiyarsa. 'Yan kasuwa suna ce mata All Weather. Ƙungiyoyin masu ƙera taya na Amurka da Kanada ne suka fito da tambarin a 1999, kuma ba a buga shi sai taya ta ci jarabawa a kan dannanniyar dusa, ta zarce wata tayar gwaji da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Michelin CrossClimate 2, da Vredestein Quatrac Pro, da Toyo Celsius Sport, da Nokian Remedy WRG5 duk a wannan layin suke. Ana barinsu a mota shekara zagaye. Sai dai a sani, jarabawar ta dusa ce, ba ta daskararriyar ƙanƙara ba, kuma a Arewacin Amurka ƙarfin tashi ake aunawa, ba birki ba.

To wace za ka ɗauka? Ra'ayina ke nan. In kwanakin da tayarka ke taka farar dusa ba su taka kara sun karya ba, kuma kana da hanyar kauce musu, ɗauki ta farko, domin ita ce ba za ta kashe maka daɗin motar ba. Mutum bai kashe kuɗi ya sayi mota mai ƙarfi don sitiyari ya riƙa amsa masa kamar an jiƙa shi ba. In kuwa motarka mai jan baya ce, kuma dole ka fita ko ana ha-maza-ha-mata, ɗauki mai tambarin dutse, ka haƙura da ɗan laushin da za ka ji a kwana lokacin zafi.

Wani lokacin ma doka ce za ta zaɓa maka. A jihar Kwibek ta Kanada, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, motar da aka yi wa rajista a can ba ta hawa titi da M+S kaɗai, sai mai tambarin dutse ko mai ƙusoshi. A jihar Biritish Kolombiya, ita ma ta Kanada, manyan hanyoyin duwatsu da yawa suna neman tayar hunturu daga 1 ga Oktoba, kuma suna karɓar M+S in zurfin zanenta bai gaza milimita 3.5 ba. A Jamus, tun 1 ga Oktoba 2024, M+S ta daina ƙirguwa, in titi ya yi dusa ko santsin ƙanƙara sai mai tambarin dutse. A Ontariyo babu tilas, amma tun 2016 doka ta sa kamfanonin inshora su riƙa yin rangwame ga mai tayar hunturu. Buga wa naka waya ka tambaya ko suna ƙirga mai tambarin dutse ta duk shekara, don kowane kamfani da sharaɗinsa.

Mataki na uku: buɗe ƙofar direba ka karanta

A jikin ginshiƙin ƙofar akwai takarda manne. Ita ce za ta gaya maka girman tayar da kamfani ya tsara wa motar da yawan iskar da za a sa. Da ita za ka yi aiki, ba da abin da ka tarar a ƙafar motar ba, musamman in ta hannu ce, domin mai ita na farko yana iya saka abin da aljihunsa ya ba shi.

A ce ka ga 245/40R18 97Y XL. Lambar 245 faɗin taya ce a milimita. Lambar 40 tsayin gefenta ne, kashi 40 cikin ɗari na faɗin. 18 kuma girman rim ne a inci. Waɗannan kowa yana dubawa. Na ƙarshen ne ake tsallakewa, alhali su ne masu haɗari. 97 nauyin da taya ɗaya ke iya ɗauka ne, kilo 730. Da 93 ce, kilo 650 ne. XL na nufin an ƙarfafa jikinta don ɗaukar ƙarin nauyi, kuma motocin Jamus masu nauyi da motocin lantarki suna yawan buƙatarta. Lambar nauyin nan ana iya hawa sama da ita, ba a sauka ƙasa.

Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: H kilomita 210 a sa'a, V 240, W 270, Y 300. Na san abin da za ka ce, wa zai yi gudun 300 a hanyar zuwa aiki? Babu. Amma harafin yana tafiya da ƙarfin ginin taya da juriyarta ga zafi, shi ya sa mai Y take amsa sitiyari fiye da mai H ko a gudun 100. Ajin farko da na ambata yawanci W ne ko Y. Masu tambarin dutse da yawa a V suke tsayawa. Duba littafin motarka ka ga mafi ƙanƙantar harafin da aka yarda da shi, don wasu shagunan ba sa yarda su ɗaura abin da bai kai na kamfani ba. A Jamus an yarda ka sauka in tayar mai tambarin dutse ce, da sharaɗin a manna iyakar gudunta inda direba zai riƙa gani.

Akwai kuma ƙananan tambura na kamfanonin mota: tauraro na BMW, MO na Mercedes, AO na Audi, harafin N da lamba na Porsche. Alama ce ta cewa an daidaita tayar da motocin wannan kamfani. In ka samu, madalla. In babu, ba abin ɗaga hankali ba ne, sai dai in motar tana ƙarƙashin garanti, ka karanta abin da littafinta ya ce.

Mataki na huɗu: duba ko ƙafafun huɗu ɗaya ne

Motoci masu jan baya da yawa tayar baya ta fi ta gaba faɗi, misali 225 a gaba, 255 a baya. Wannan yana jawo abu uku. Dole samfurin da ka zaɓa ya kasance ana yin sa a girma biyun, don ba a haɗa samfuri biyu a mota ɗaya. Ba za ka iya juya ta gaba zuwa baya ba, don haka na baya za su riga cinyewa. Sannan alƙawarin nisan tafiya da kamfanin taya ke bayarwa yakan rabu biyu. Michelin na ba da mil 45,000 a kan Pilot Sport All Season 4, amma in girman gaba da baya ya bambanta, rabin haka ne ga na baya.

Faɗin nan da ke burge ido a bazara, a dusa cikas ne. Taya mai faɗi yawo take a kan taɓon dusa, siririya kuwa yanka shi take ta taɓa kwalta. In littafin motarka ya yarda da girma biyu, ɗauki siririn.

Sai maganar rim. Zuwa watan Maris, daskarewa da narkewa sun gama farfasa titi, ramuka ko'ina, wasu cike da ruwa ba ka ganin zurfinsu. Taya mai gajeren gefe in ta faɗa irin wannan rami, ko dai ta yi ƙulu, ko rim ya lanƙwashe. Kwatanta 245/35R19 da 245/40R18. Tsayinsu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, milimita 654 da 653, don haka agogon gudu ba zai yi maka ƙarya ba, amma gefen ta farko milimita 86 ne, ta biyu 98. Milimita 12 ɗin nan su ne tsakaninka da sayen sabon rim. Sai dai kafin ka sauka zuwa inci 18, a gwada rim ɗin a ƙafar gaba, domin birkin irin waɗannan motoci manya ne, wani ƙaramin rim ɗin ba zai shiga ba.

In motarka da tayar da ake iya ci gaba da tafiya a kanta bayan ta sace ta zo, to mai yiwuwa babu safaya a but. Kana iya komawa taya ta gama-gari, motar ma za ta fi laushi a titi, amma ka tanadi ƙaramin famfon iska da ruwan toshe huji.

Mataki na biyar: rage su zuwa biyu ko uku

Yanzu jerin ya gajarce da kansa. Nemi gwaje-gwajen da aka auna da mita, irin na Tire Rack da Consumer Reports a Amurka, ko ADAC da Auto Bild a Jamus. Abin da za ka fara dubawa nisan tsayawa ne a jiƙaƙƙen titi, domin shi ne yanayin da za ka fi haɗuwa da shi, sai na dusa, sai ƙarar taya, tunda kullum kana cikinta. Sharhin masu saye yana da amfani wajen sanin ko taya tana saurin cinyewa, amma mutumin da ya cire suɗaɗɗiyar taya ya saka sabuwa, kowace iri ce zai yabe ta.

A jikin tayoyin Amurka akwai lambar daɗewa, kamar 500 ko 560. Kamfani ne ke ba kansa makin, don haka kwatanta ta tsakanin kamfanoni biyu ba ya kai ka ko'ina. A Turai kuma takardar da ake manna wa sabuwar taya tana nuna riƙon jiƙaƙƙen titi daga A zuwa E, kuma tun Mayun 2021 an ƙara alamar dusa da ta ƙanƙara.

Tayar da ba ka taɓa jin sunanta ba, mai rabin kuɗi, bar ta inda ka gan ta. Araha ba ta ado, balle a ƙarƙashin inji mai ƙarfin doki 400.

Mataki na shida: ranar ɗaurawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Oktoba ake wannan aiki. Ranar da dusar farko ta sauka, shagunan taya cika suke maƙil, girman da kake nema ya ƙare, layi ya kai makonni.

Huɗu za ka saya tare. Sabuwar taya biyu a gaba da tsohuwar ta bazara a baya, gayyatar juyawa ce a tsakiyar titi. A mota mai jan ƙafa huɗu kuma, bambancin zurfin zane tsakanin tayoyi yana wahalar da na'urar raba ƙarfi.

Kafin a ɗaura, ce a mirgino maka su ka gani. Nemi rubutun da ya fara da DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe: 2324 na nufin mako na 23 na shekarar 2024. Wadda ta yi shekara ɗaya ko biyu a sito babu laifi. Wadda ta haura haka, nemi ragi ko a canja maka. Bayan an ɗaura, zagaya motar da kanka. Wasu tayoyin an rubuta OUTSIDE a gefen da zai kalli waje, wasu kuma kibiya ce ke nuna inda za su riƙa juyawa. Na taɓa fitowa daga wani shago da taya ɗaya a juye, ban lura ba sai da na tsaya shan mai, haske ya faɗa kan kibiyar na ga tana kallon baya.

Sa a yi balansin, a kuma duba alaimen, musamman in tsofaffin sun fi cinyewa ta ciki. A ɗaure notoci da sifana mai awo, ba da bindigar iska kaɗai ba, sannan ka koma a sake duba su bayan kilomita 100. Sabuwar taya tana da ɗan santsi, don haka ka bi ta a hankali na kilomita 800 ɗin farko kafin ka fara ba motar wuta.

Mataki na bakwai: iska da zane

Iska ita ce aikin da ba ya ƙarewa. Duk saukar sanyi da digiri 5 zuwa 6, taya tana rasa kimanin PSI ɗaya, wato maki ɗaya a ma'aunin iskar taya. A ce an cika maka 35 a cikin gareji mai ɗumin digiri 20, ka kwana a waje sanyi ya kai 10 ƙasa da sifili, da safe kusan 30 za ka tarar, ba tare da huji ba. Fitilar gargaɗi ta dashbod ba za ta ce maka komai ba, domin a motocin Amurka sai iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu take kamawa. Sayi geji naka, ka riƙa aunawa da safe kafin motar ta motsa, sau biyu a wata lokacin sanyi. Lambar jikin ƙofa za ka bi. Wadda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce.

In ka ji sitiyari yana ɗan karkarwa a kilomitocin farko na safiya mai sanyi sannan ya daina, kada ka ruga wurin makanike. Gefen da ya kwana a ƙasa ne ya ɗan baje, yana komawa daidai da tayar ta ɗumama.

Sabuwar taya irin wannan tana zuwa da zurfin zane kimanin milimita 7 zuwa 8. Doka a wurare da yawa ta yarda har 1.6, amma wannan lissafin busasshen titi ne. A dusa, da zarar ta sauka ƙasa da milimita 4, ƙananan tsagen nan sun tafi, a ruwa kuma daga 3 ta fara shawagi. Continental sun sauƙaƙa wa mutane, sun tono haruffan D, W da S a cikin zanen DWS06. S ce ke fara gogewa, alamar tayar ta gama aikin dusa, sai W ta bi, alamar ta gama na ruwa. Mai wani samfurin kuwa ya sayi ɗan ma'aunin zurfi, kuɗinsa bai kai na abincin rana ba, ya auna a wuri uku a faɗin kowace taya, ciki da tsakiya da waje, a farkon kowane Oktoba. In ta nuna 4 ko ƙasa, ajiye ta, za ta iya ƙarasa maka bazara mai zuwa, amma ba ita za ta shiga wannan hunturun ba.